Wayar da Dennis Ya Rantse Ba Zai Kashe Ba

Lokuwa, Mubi,
11 ga Agusta.

Zuwa ga aminiyata Malama Yagana,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da ɗanki Mubashshir da iyalinsa. Yaya Kano, yaya damina a wajenku? Yaya gwiwar nan taki da ba ta jin magani? Mu nan da sauƙi, Allah yana riƙe da mu. Shinkafar da kika aiko ta zaman makoki ta iso, Allah ya saka miki.

Na san kina fushi da ni, kuma kina da gaskiya. Eva, matar ɗana Dennis, ta ce kin kira ya fi sau goma tun rasuwarsa, kullum sai ta ce miki ina kwance. Ba kwance nake ba. Wata biyu ke nan ban taɓa waya da hannuna ba, shi ya sa na koma biro da takarda kamar zamanin da muke koyarwa tare. Direban motar Kano zan ba a tasha. Ki sa tabarau ki karanta da kanki, kada ki ba jikokinki, don abin da ke ciki ban gaya wa kowa ba, har fastonmu.

Kin san yadda na rasa maigidana Tizhe, don ranar kina gefena. Larabar nan da mayaƙa suka shigo Mubi, ya yi sammako ya tafi gona, ya kashe wayarsa don kada caji ya ƙare, tunda mun kwana huɗu ba wuta. Muka gudu da ƙafa ta hanyar Maiha, kika yafa mini hijabinki na biyu, ina tafe ina kiransa in ce kada ya koma gida, ya same mu a gaba. Ke ce shaidar sau nawa na kira. Shi kuwa ya dawo Lokuwa nemanmu, a ƙofar gida mayaƙan suka tarar da shi.

Abin da ba ki sani ba ya faru ne bayan kun wuce Kano. Da muka dawo Mubi na zaunar da Dennis, lokacin yana da shekara goma sha bakwai, na sa ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na babansa ya rantse mini cewa muddin ina raye ba zai taɓa kashe wayarsa ba. Ko a coci, ko yana barci, sai dai ya rufe mata murya. Ya rantse. Kin san shi, yaron da in ya saci sukari sai ya zo ya kai ƙarar kansa. Shekara goma yana yawo da abin caji biyu a jaka, abokansa suna yi masa tsiya suna ce masa ofishin 'yan kwana-kwana. Ranar aurensa ma wayar tana aljihun kwat ɗinsa a kunne.

Da ƙungiyar manoman da yake wa aiki ta ce zai je Abuja horo na mako biyu, kuma a jirgi daga Yola, murna a gidan nan ba a magana. Shi ne na farko a zuriyarmu da zai hau sama. Ana jibi zai tafi ya same ni a tsakar gida ina gyaran yakuwa, ya durƙusa ya ce dokar jirgi ce a kashe waya, in sake shi daga rantsuwar na awa ɗaya kacal. Na ƙi. Ya nuna mini wani wuri a wayar mai hoton ɗan jirgi, ya ce in ya taɓa shi wayar ba ta mutu ba, kira ne kawai ba zai shiga ba. Na ce wayar da ba a samun mai ita ai matacciya ce, kada ya yi mini wayon 'yan boko, ni ma na yi bokon nan. Na ce ya cusa ta can ƙasan aljihu, wa zai laluba shi? Har na yi masa gori, na ce babansa ma na awa biyu kawai ya kashe tasa. Yagana, wannan maganar daga bakina ta fito. Ya amsa da to, ya tashi.

Eva ta raka shi Yola. Ya kira ni daga filin jirgi da ƙarfe biyu da rabi muka yi addu'a, ya ce uku za su tashi, huɗu da 'yan mintuna suna Abuja. Huɗu saura kwata hadari ya haɗu a nan Mubi, gabana ya faɗi, duk da na san hadarin Mubi ba ya kai wa Abuja. Na kasa zaune na kasa tsaye. Huɗu da minti biyar na kira shi. Ta shiga. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira ta shiga, na ƙara na uku. Na ajiye wayar ina murmushi, ina cewa a raina yarona ya cika alkawari.

Sauran kin ji a rediyo. Jirgin ya faɗi a wata gona kafin ya kai filin sauka, da mutum talatin da huɗu, shida suka tsira. A labarai an ce ya faɗi ne da ƙarfe huɗu da minti bakwai. Dennis bai cika nan take ba. Mutanen ƙauye suka kai shi wani ƙaramin asibiti, ba riga a jikinsa balle takarda, ba wanda ya san ko ɗan waye. Ya kai har washegari da hantsi. Sai la'asar yayan Eva ya gano inda yake, ya tarar an riga an rufe shi da zane.

Kwana na uku na makoki, wani cikin masu gaisuwa yana zaune a gindin tagata, bai san ina ji ba. Yana cewa irin wannan ai wani shashasha ne ya bar wayarsa a kunne ta rikita na'urorin matuƙi, shi ya sa ake roƙon mutane su kashe amma kunnen ƙashi ya hana su. Na kusa da shi ya ce har kwamfuta ma tana yi. Dennis yana da kwamfutarsa ta aiki a jaka. Tun daga ranar ban sake taɓa waya ba.

Ga roƙona. Mubashshir gyaran jirgi ne aikinsa. Ki tambaye shi, shin kiran waya zai iya kayar da jirgi yana shirin sauka? Ki gaya masa ni ce, amma ya rufa mini asiri. Ni na koyar da shi a aji huɗu, ya san ba na son amsar da aka shafa wa mai. In har ni ce, dole in tashi a gaban ikilisiya in faɗa, in kuma faɗa wa Eva, ko da za ta goya jikata Alice ta koma gidan iyayenta a Michika in ƙarasa kwanana ni kaɗai. Mutum ashirin da takwas ne, Yagana. Ba zan iya shiga kabari da su a ɓoye ba.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Salomi Tizhe.

Lokuwa, Mubi,
8 ga Satumba.

Zuwa ga Malama Yagana,

Bayan gaisuwa da fatan kun wayi gari lafiya, ina sanar da ke takardarki ta zo tare da ta Mubashshir. Faɗan da kika yi mini na shafi ɗaya da rabi na karanta shi duka, na karɓa. Har yanzu ba kya sa aya sai numfashi ya ƙare wa mai karatu, amma na ji muryarki a ciki, na yi kuka na ji ɗan sanyi. Yaya jikin matar Mubashshir da kika ce ta yi zazzaɓi? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaron nan ya yi mini bayani har da zane, rubutunsa kuwa yana nan kamar tafiyar kaza, bulalata ba ta yi amfani ba. Zan maimaita abin da na fahimta, in na yi kuskure ya gyara mini. Ya ce waya idan tana sama tana ta laluben ƙarfen sabis da dukkan ƙarfinta, kuma wani lokaci hakan yana sa ɗan ƙugi a abin da matuƙi yake sawa a kunne, irin wanda rediyo ke yi in an ajiye waya kusa da shi kira yana shirin shigowa. Ya ce saboda wannan ne, da kuma tsananin taka-tsantsan, ake cewa a kashe ko a rufe mata layi, musamman wajen tashi da sauka da matuƙi ke buƙatar jin kowace kalma. Ya ce wayoyin cikin jirgi an lulluɓe su an kuma gwada su da abin da ya fi wayar hannu ƙarfi nesa ba kusa ba. Kwamfuta kuma, ya ce babban dalilin da ya sa ake cewa a ajiye ta nauyinta ne, kada jirgi ya yi girgiza ta fasa wa wani kai. Ya ƙara da cewa kusan babu jirgin da ke tashi ba tare da wasu sun bar wayoyinsu a kunne ba, da mantuwa ko da gangan, kuma duk karatunsa bai taɓa ganin binciken da ya tabbatar waya ta kayar da jirgin fasinja ba.

Na karanta sau bakwai. Na kusa samun barci. Sai idona ya tsaya a layin ƙarshe, inda ya ce abu ne mai wuya ƙwarai da gaske. Bai ce ba zai yiwu ba. Shekara talatin da biyu ina maka jan biro a littattafan yara, na san bambancin waɗannan biyun. Ya ce injiniya ba ya rantsuwa a kan abin da ba a gama bincike ba, kuma na yaba masa, haka na koya masa. Amma ni a cikin wannan 'yar kafar da ya bari nake kwana nake tashi. Abin da ke da wuya ai yana faruwa. Yana da wuya mutum ya kashe waya na awa biyu ya mutu saboda haka, ga shi ya faru a gidana.

Wata uku ke nan ban ci Jibin Ubangiji a coci ba. In an zo layinmu sai in sunkuyar da kai in miƙa farantin gaba. Matar fasto ta biyo ni gida ta tambaya, na ce cikina ne ba ya so, ta dube ni kawai, don ta san ɗan gutsuren burodin nan ba ya ɓata cikin kowa. Zumuntar Mata ma na daina zuwa. Ni da nake ba da waƙa, in tsaya a gaba da wane baki?

Sai maganar Eva. Yarinyar nan ta rame ta zama abin tausayi. Tana dafa mini, tana wanke mini, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma ba ta haɗa ido da ni. Ni ma ba na haɗawa da ita, sai mu wuni a gida ɗaya muna magana ta bakin Alice, wadda ko shekara biyu ba ta cika ba. Ta fara kulle ɗakinta ko banɗaki za ta. In an kwana biyu ba wuta sai ta rasa sukuni, ta saɓa jaka ta tafi shagon caji, alhali ban ga tana kiran kowa ba. Zuciyata tana raya mini ko wani ne ya fara nemanta, ko 'yan'uwanta ne ke shirya mata komawa. In haka ne ba ni da bakin hanawa. Shekararta ashirin da biyar, kuma ba ta san da wa take zaune ba.

Ki yi wa Mubashshir godiya, ki ce Malamarsa ta ba shi tara cikin goma. In rahoton masu bincike ya fito ya aiko mini, komai ya ƙunsa.

Ni ce taki,
Salomi.

Lokuwa, Mubi,
20 ga Oktoba.

Yagana 'yar'uwata,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta yara. Ruwa ya ɗauke a nan, mutane sun fara cire gyaɗa. Gonar Dennis maƙwabta ne suka taru suka cire mana, ban ma iya zuwa na gani ba.

Rahoton farko da Mubashshir ya aiko ya zo, da fassarar da ya yi mini a gefe. Sun ce iska ce mai ƙarfi ta cikin hadari ta danno jirgin ƙasa lokacin da ya riga ya sauko sosai, matuƙan suka yi iya yinsu abin ya fi ƙarfinsu. Babu maganar waya ko ɗaya. Kin rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa to sai in huta. Yagana, ta yaya za su rubuta abin da ba su sani ba? Wa ya gaya musu wata tsohuwa a Lokuwa ta kira sau uku?

Shekaranjiya na yi baƙuwa daga Maiha, sunanta Bilkisu. Mijinta Malam Sajo, mai sayar da maganin dabbobi, yana cikin jirgin nan, shi ma ya kwana ɗaya a asibiti kafin ya rasu. Ta fita takaba, ta ce ta ƙudurta sai ta gaishe da duk gidan da abin ya shafa a yankinmu, gida huɗu ne. Ta zo mini da man shanu a 'yar kwalba. Ta rungume ni tana kirana Inna, ta ce ciwonmu ɗaya.

Ta ba ni labarin da ya tsaya mini a rai. Ta ce mijinta mutum ne mai bin doka, da aka ce a kashe waya ya kashe tasa ya sa a aljihun wando. A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta lalubo ta, ta kunna, ta kira lambar ƙarshe da ya kira, sai ga Bilkisu. Aka kara masa wayar a kunne. Ba ya iya magana sosai, amma ya ji ta, ta yafe masa ya yafe mata, ta yi masa kalmar shahada yana bi a hankali. Ta ce wannan minti biyar ɗin su ne suke riƙe da ita har yau. Ta tambaye ni ko ni ma na samu yin sallama da nawa. Na ce a'a, tasa wayar ta ɓata tare da rigarsa. Eva tana kawo mana ruwa a lokacin, ta dire kofin ta fita da sauri, na ji tana amai a bayan ɗaki.

Na zauna da matar nan awa biyu tana yi mini addu'a, ni kuwa ina kallon yatsun ƙafata. 'Ya'yanta biyar. Da ta tafi na yanke shawara. Ranar ashirin da tara ga wata Tizhe zai cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. A ranar zan gaya wa Eva, Lahadin da ke biye kuma in tashi a coci. Kada ki ɓata tawadarki wajen hana ni, kin san taurin kaina tun muna 'yan mata.

Ki sa ni a addu'arki, na san ba kya fashin ta.

Taki,
Salomi.

Lokuwa, Mubi,
3 ga Nuwamba.

Zuwa ga aminiyata Malama Yagana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da dukan gida. Ina fata sanyin da kika ce ya fara taɓa miki ƙashi ya sassauta. Mu muna nan da rai. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, don ni ma sai da na yi kwana biyar kafin hannuna ya yarda ya riƙe biro.

Ranar ashirin da tara na tashi da niyyata. Bayan mun karya, Eva ta goya Alice ta tafi niƙa, na ce in ta dawo ina da magana da ita. Ina zaune ina haɗa kalmomin da zan fara da su, duk wanda na ɗauko sai ya watse. Sai na ji ina so, kafin in tona kaina, in sake kiran lambar Dennis sau ɗaya. Ba don komai ba, don in ji matar nan ta kamfani ta ce a kashe take, in san an gama. Na ciro wayata daga ƙasan akwati na jona ta, da yake an kawo wuta da safen. Na danna sunansa.

Ta shiga.

Na ɗauka kaina ne ya taɓu. Ina riƙe da ita a kunne tana ƙara, sai na ji wani abu yana kaɗa kwanuka a ɗakin Eva, kamar ɓera ya faɗa cikinsu. Ranar ta manta ba ta kulle ba. Na shiga, na bi ƙarar har kan jeren kwanukan aurenta, na buɗe na uku. Wayar Dennis ce, naɗe a cikin hankicinsa, cajinta a cike, sunana yana haske a fuskarta. Ko ƙwarzane babu a jikinta.

A nan Eva ta dawo ta same ni zaune a ƙasa. Ta saki robar garin ta zube, ta durƙusa ta kama ƙafafuna tana roƙon in yafe mata. Da ƙyar na gane abin da take faɗa. Ta ce a filin jirgi, bayan mun gama addu'ar nan da shi, Dennis ya miƙa mata wayar. Ya ce ba zai karya dokar da aka kafa don rayukan mutane ba, kuma ba zai karya rantsuwar da ya yi wa uwarsa ba, saboda haka wayar za ta zauna a ƙasa a kunne, shi ya hau sama. Ya ce in na kira kada ta ɗauka, in ya sauka zai ari wayar abokin aikinsa ya yi mini bayani da bakinsa, ya sha faɗan da zai sha. Ya ce ta riƙe masa, kada ta bari ta mutu har ya dawo. Kiran nan uku da na yi, a cikin jakar Eva suka shiga, tana zaune a motar Mubi a tashar Yola ana jiran fasinja ya cika.

Wata huɗu da rabi yarinyar nan tana yi wa wayar caji a ɓoye, saboda ya ce kada ta mutu. Shagon cajin ke nan da na yi ta zarginta a kai. Kuma duk tsawon lokacin tana ganin ita ta jawo ya mutu ba kowa a kansa, don da ta ƙi karɓa da an same mu kamar yadda aka sami Bilkisu. Ta ce tsoro take ji in na sani in tsine mata. Ta kuma faɗa mini abin da yayanta ya ji a asibitin suka ɓoye mini. Da safen nan Dennis ya buɗe ido, ya yi ta magana a hankali kusan rabin awa, amma da yarenmu na Kamwe, ba wanda ya gane ko kalma ɗaya. Ma'aikatan sun lalube wandonsa ko za su sami waya, ba su samu ba.

Sai na gaya mata nawa, tun daga rantsuwar har gorin da na yi masa a kan yakuwa. Ta san da rantsuwar, ba ta san ya roƙe ni na ƙi ba. Na ce mata ta ɗaga kai ta dube ni, ba ita ba ce. Ita aika aka yi mata ta cika. Ni ce na sa yaro a tsakanin doka da uwarsa har ya rasa inda zai sa wayarsa sai hannun matarsa. Da na ce masa je ka, na sake ka, da ya kashe ta ya sa a aljihu kamar Malam Sajo, da an kara masa ita a kunne, da na ji abin da yake faɗa, don ni ina jin yaren. Muka yi kukan da ba mu yi tare ba tun ranar jana'iza, Alice tana tsakaninmu tana wasa da garin da ya zube.

Ki gaya wa Mubashshir ya yi gaskiya, na cika masa makinsa. Kirana bai je kusa da jirgin nan ba. Jiya Lahadi ban tashi a gaban ikilisiya ba, don ba ni da abin da zan faɗa wa iyalan mutum ashirin da bakwai. An sauke mini su, kuma na yi zaton in an sauke zan ji wasai. Ban ji ba. Ɗayan da ya rage ya fi su nauyi, kuma shi babu injiniyan da zan aika wa tambaya a kansa. Ba ni na kashe ɗana ba, Yagana, amma ni na sa ya yi rabin awa yana magana babu mai amsa masa.

Eva ta ce ba inda za ta, ban kuma tambaye ta har yaushe ba. Da yammacin ranar na ce ta kawo wayar, ta kawo Littafin Tizhe. Na ɗora wayar a kai, na kira Dennis da sunan da nake kiransa yana goye, na gaya masa da yarenmu cewa ya cika alkawari, na sake shi, ya huta. Daga nan na nemi wurin kashewa na rasa, don ban taɓa kashe waya ba tun da muka dawo daga gudu. Eva ce ta kama yatsana ta ɗora a wurin, muka danna tare har hasken ya ɗauke.

In gwiwarki za ta iya zaman mota, ki zo bayan girbi ki kwana mana biyu. Ɗakin da kika saba yana nan. Ki gaishe da Mubashshir da matarsa da yara, Eva ma tana gaishe ki.

Ni ce taki har kullum,
Salomi, maman Dennis.